Tasirin Kafofin Sada Zumunta a Shari'ar Neman Diyyar Rauni: Nazari a Kan Yankin Zoza, Rogo da Ƙaraye

Tsakure

Shari'ar neman diyyar rauni tana tsayawa ne a kan tambayoyi biyu: wa ya jawo raunin, kuma me raunin ya rage wa mai shi. Wayar hannu ta shigo da sabuwar hujja a kan tambayoyin biyu, domin hoton da aka ɗora a Facebook, da saƙon murya na WhatsApp, da bidiyon TikTok duk suna iya zuwa gaban alƙali. Wannan maƙala ta bi tanadin Dokar Shaida ta 2011 da gyaranta na 2023, da hukunce-hukuncen kotuna, da fiƙihun Malikiyya, ta auna su da yanayin rayuwar Zoza da maƙwabtanta. Matsayinta shi ne doka ta tsaurara a kan lafiyar na'urar da ta fitar da hujja, amma ta bar wa fahimtar alƙali tambayar da ta fi nauyi, wato abin da Bahaushe yake nufi da maganar da ya wallafa yana kwance a jinya.

1.0 Yankin nazari da hanyoyin neman diyya

Zoza gari ne kuma mazaɓa a Ƙaramar Hukumar Rogo, wadda ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Katsina a yammacin Jihar Kano. Rogo da Ƙaraye wakili ɗaya suke turawa Majalisar Wakilai ta Tarayya, kuma su biyun ne dokar masarautu ta watan Yulin 2024 ta haɗa a ƙarƙashin Masarautar Ƙaraye mai daraja ta biyu. Yanki ne na noma, inda ƙarfin jiki shi ne jarin yawancin magidanta. Wanda ya karye a cinya ana gab da faɗuwar damina ya yi asarar shekara guda, ko da ɗorin ya kama cikin wata uku.

Raunukan da ke jawo rigima a irin wannan wuri sanannu ne. Akwai haɗarin babur, domin haramcin acaɓa na 2013 ya shafi birnin Kano da kewayensa ne, a karkara kuwa babur ne abin hawan kowa. Akwai motocin ɗaukar kaya na ranakun kasuwa, waɗanda ake ɗora fasinja a kan buhuna, sai injin niƙa da na casa da ke cin yatsu. Majinyaci yakan fara da mai ɗori ko asibitin da ke kusa, idan abin ya yi tsanani a wuce da shi Asibitin Ƙashi na Dala a Kano ko Asibitin Koyarwa na Shika a Zariya.

Mafi yawan waɗannan rigingimu a zauren mai unguwa ko dagaci ake kashe su, ko a gaban shugabannin tasha, ko ofishin Hisba, ko na 'yan sanda. Wasu sukan kai kotun shari'ar Musulunci. Kaɗan ne ke isa Babbar Kotun Jiha, kuma galibi sai idan wanda ake ƙara kamfani ne ko akwai inshora a bayansa. Wannan kaso na ƙarshe yana da dalilin ƙaruwa: daga 1 ga Janairun 2023 hukumar kula da inshora, NAICOM, ta ɗaga kuɗin inshorar kare wanda aka buge daga naira 5,000 zuwa naira 15,000 ga motar gida, kuma a Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda ta fara tilasta mallakar takardar. Kamfanin inshora yana da lauyoyi da masu bincike, kuma shi ne ɓangaren da ya fi kowa amfana da leƙa shafin mai ƙara.

2.0 Abin da ake tabbatarwa a kotu

A Babbar Kotu mai ƙara zai nuna cewa akwai haƙƙin kulawa a wuyan wanda yake ƙara, cewa ya yi sakaci da shi, kuma sakacin ne ya haifar da cutar. Sashe na 134 na Dokar Shaida ya wadatu da rinjayen hujja a shari'ar da ba ta laifi ba. Diyyar kuma kashi biyu ce. Akwai ta musamman, wato kuɗin da ya fita daga aljihu, wadda dole a jera ta dalla-dalla a takardar ƙara a kuma tabbatar da kowane kwabo. Akwai ta gaba ɗaya, wadda alƙali ke ƙiyastawa saboda raɗaɗi, da rasa jin daɗin rayuwa, da raguwar ƙarfin nema. A shari'ar C & C Construction da Okhai ta 2003, inda ma'aikaci ya rasa ƙafarsa a bakin aiki, Kotun Ƙoli ta tabbatar da cewa raɗaɗi da wahalar da mutum ya sha abin biya ne a karan kansa.

Raɗaɗi kuwa ba ya fitowa a hoton ƙashi. Abin da kotu ke da shi shi ne bakin mai ƙara, da rahoton likita wanda wani ɓangarensa ma daga bakin majinyacin aka rubuta shi. Saboda haka duk abin da zai taɓa amincin mai ƙara ya taɓa zuciyar shari'ar, kuma nan ne abin da ya wallafa yake yin tasiri.

3.0 Karɓar hujjar waya

Tsohuwar Dokar Shaida, wadda ta fara aiki a 1945, ba ta san kwamfuta ba, ko da yake tun a 1969, a shari'ar Esso da Oyegbola, Kotun Ƙoli ta ja hankali cewa bai dace doka ta rufe ido ga sababbin hanyoyin adana bayanai ba. Dokar 2011 ce ta cike giɓin. Sashe na 258 ya faɗaɗa ma'anar takarda har ta haɗa da faifai da kaset da duk abin da ake adana sauti ko hoto a ciki, ya kuma bayyana kwamfuta da cewa kowace na'ura ce mai adana bayanai da sarrafa su. Bisa wannan ma'ana, wayar da ke aljihun ɗan acaɓa kwamfuta ce a idon doka.

Sashe na 84 ya gindaya sharuɗɗa huɗu. A taƙaice, a nuna cewa ana amfani da na'urar a kai a kai wajen irin wannan aiki, ana shigar mata da irin wannan bayani a bisa al'ada, tana aiki daidai a lokacin da ake magana a kai, kuma abin da aka kawo kotu daga abin da aka shigar mata ya fito. Ƙaramin sashe na 4 ya tanadi takardar tabbatarwa mai ɗauke da sa hannun wanda ke da alhakin na'urar. A shari'ar Kubor da Dickson, wadda ta taso daga zaɓen gwamnan Bayelsa aka kuma buga ta a rahotannin shari'a na 2013, Kotun Ƙoli ta ƙi amincewa da takardun da aka ciro daga intanet, ciki har da shafin jaridar Punch, saboda ba a cika waɗannan sharuɗɗa ba. A shari'ar Dickson da Sylva ta 2016 ta sassauta ta wani gefen: faifan da aka riga aka karɓa bisa ƙa'ida ba ya bukatar wata sabuwar takarda a kan na'urar da za a kunna shi da ita. Gyaran da aka sa wa hannu a Yunin 2023 ya shigo da bayanan lantarki da sa hannu na dijital cikin dokar ƙarara. Kotunan Kano ma sun saba da irin wannan hujja ta fuskar laifi, kamar hukuncin da wata kotun majistare ta yanke wa matasa biyu 'yan TikTok a Nuwamban 2022 kan ɓata sunan gwamnan lokacin.

A takarda waɗannan sharuɗɗa daidai suke a kan kowa. A aikace sun fi danne talaka. Bidiyon haɗari a ƙauye yana da doguwar tafiya kafin ya isa hannun lauya: wani mai wucewa ne ya ɗauka, ya tura wa abokinsa ta Xender, shi kuma ya sa a zauren WhatsApp na 'yan garinsu, daga nan ɗan'uwan majinyaci ya sauke. Kafin a shigar da ƙara, wayar farko an sayar da ita, ko an sace, ko an goge abin da ke ciki don a samu wurin zuba finafinai a shagon mai caji. WhatsApp yana rage girman hoto yana kuma cire bayanan rana da wurin da kyamara ta ajiye a jikinsa, abin da aka sa a sitatus kuwa awa 24 yake yi ya ɓace. Ma'aikacin kamfanin inshora da ya zauna a ofis ya buɗe shafin mai ƙara ya buga hoton a takarda ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan matsaloli, domin kwamfutarsa tana nan kuma akwai jami'in da zai sa hannu. Sakamakon shi ne hujjar da ke cutar da majinyaci ta fi sauƙin shiga kotu a kan wadda ke taimakonsa.

Ga kuma abin da takardar tabbatarwa ba ta tabbatarwa. Tana cewa na'ura ta yi aiki daidai, ba ta faɗin wanda ya rubuta. A karkara shafin Facebook sau da yawa yaron shagon waya ne ya buɗe wa mai shi, kuma ya san lambar sirrin. 'Yan'uwa sukan yi tarayya a waya ɗaya, mata da miji ma haka. Haɗa layi da lambar NIN da aka fara tilastawa a Disamban 2020 ya nuna wanda ya yi rajista ne kawai, kuma ba baƙon abu ba ne a samu layi da sunan wa, amfaninsa a hannun ƙane. Idan mai ƙara ya musanta cewa shi ya wallafa, wajibi ne wanda ya kawo hujjar ya ƙara da wata shaidar.

4.0 Ma'anar abin da aka wallafa

4.1 Hoto da bidiyo

Misalan da aka fi ambatawa daga Amurka suke. A shari'ar Romano da Steelcase ta 2010 a New York, wata mata ta ce faɗuwa daga kujera ta tsare ta a gida da kan gado, sai kamfanin ya nuna hotonta tana murmushi a wajen gida, kotu kuma ta ba shi damar duba ɓangaren shafinta da ta killace. Tunanin da ke ƙarƙashin irin wannan hukunci shi ne hoto yana kama mutum a halin da bai shirya wa kotu ba. Akwai gaskiya a ciki. Wanda ya rantse cewa ba ya iya ɗaga hannunsa na dama, aka kuma same shi a bidiyo yana loda buhun masara a mota, sashe na 232 da na 233 na Dokar Shaida sun ba lauyan ɗaya ɓangaren damar ƙure shi, kuma ya cancanci a ƙure shi.

Sai dai yawancin hotuna ba su kai wannan ƙarara ba. A ɗauki misalin manomi da ya karye a ƙugu, aka goya shi a babur aka kai shi bakin gona lokacin kaka domin 'yan ƙwadago ba sa aiki yadda ya kamata idan mai gona ba ya nan. Ɗansa ya ɗauke shi hoto yana tsaye kusa da damin dawa. Hoton bai nuna sandar da aka jingine a gefe ba, bai nuna kwanaki biyun da ya yi a kwance bayan ya koma gida ba. Haka hoton ranar Salla da sabon ɗinki, ko na ɗaurin auren 'yar ƙanwa wanda ƙin halartarsa abin magana ne a dangi. Mutum ba ya ɗora hoton daren da ya kwana yana nishi. Auna lafiyar majinyaci da abin da ke shafinsa kamar auna zurfin rijiya ne da faɗin bakinta. Ƙari a kan haka, ranar da aka ɗora hoto daban take da ranar da aka ɗauke shi, kuma matasa sun saba maimaita tsofaffin hotunansu. Sashe na 34 ya umarci kotu ta duba duk yanayin da ke kewaye da bayani kafin ta ba shi nauyi, kuma a wannan fage ya kamata a riƙe umarnin da gaske.

Ta ɗaya gefen, bidiyon masu wucewa yana iya zama hujja mafi ƙarfi da mai ƙara zai samu. Yana nuna lambar motar da ta gudu, da inda ababen hawa suka tsaya kafin a janye su, da yawan lodin da aka yi. Direban da ya ɗauki kansa a bidiyo yana tuƙi ya kafa wa kansa hujja, tun da dokar hukumar kiyaye haɗura ta 2007 ta sa amfani da waya a kan sitiyari cikin laifuka. Mai ɗori ba ya ba da rasit, mai kemis ma ba kullum ba, amma shaidar tura kuɗi ta OPay ko Moniepoint da aka aika ta WhatsApp tana iya cike gurbin wajen tabbatar da diyya ta musamman, muddin an bi sashe na 84.

4.2 Amsar gaisuwa, ban haƙuri da yafiya

Nan ne haɗarin kuskuren fahimta ya fi girma. Idan aka ce wa majinyaci "ya jiki?", amsar da tarbiyya ta koya masa ita ce "da sauƙi" ko "Alhamdu lillahi", ko da an gama yanke masa ƙafa ne. Faɗin akasin haka raki ne, kuma wasu za su ɗauke shi rashin godiya ga Allah. Wanda ya rubuta a shafinsa cewa "mun yi haɗari amma abin ya zo da sauƙi" yana gode wa Allah ne da bai mutu ba, yana kuma kwantar da hankalin 'yan'uwa na nesa. A kotu kuwa sashe na 20 da na 21 sun ɗauki maganar da mutum ya yi wadda ta saɓa wa muradinsa a matsayin iƙirari. Maganarsa mai goyon bayansa, idan ya yi ta bayan rigima ta kunno kai, sashe na 83(3) yana iya hana ta shiga saboda mai ruwa da tsaki ne ya yi ta. Ke nan "da sauƙi" za ta shiga, "ban yi barci ba saboda ciwo" za ta iya tsayawa a ƙofa. Mafitar tana sashe na 27, wanda ya ce iƙirari ba hujja ce yankakkiya ba, don haka mai shi yana da damar bayyana yanayin da ya yi maganar.

Shi ma wanda ake ƙara al'ada tana iya jefa shi a rami. Direba mai mutunci yakan je dubiya, ya kai ɗan abin da ya samu, ya aika saƙon murya yana cewa "don Allah a yafe ni". Wannan ladabi ne da ake tsammani ko daga wanda ba shi da laifi. Ingila ta lura da wannan matsala, inda sashe na 2 na dokar diyya ta 2006 ya ce ban haƙuri ko tayin biyan magani ba ya zama amsa laifin sakaci shi kaɗai. A Nijeriya kariyar da ta fi kusa ita ce sashe na 26 da na 196, waɗanda ke kare maganar da aka yi a kan sharaɗin neman sulhu. Amma saƙon da aka aika daren haɗari, kafin kowa ya ambaci sulhu, da wuya ya fake a nan. Idan kotuna suka riƙa ɗaukar dubiya da ban haƙuri a matsayin amsa laifi, lauyoyi za su fara hana direbobi zuwa asibiti, kuma asarar da al'umma za ta yi ta fi abin da shari'a za ta samu.

Yafiya ta fi duka sarƙaƙiya. Mahaifin yaron da aka buge yakan rubuta a ranar farko cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa, sun yafe. Bayan wata biyu, an sayar da akuya da ɗan abin da ke rumbu, likita kuma ya ce sai an sake aiki. Wace yafiya aka yi: ta riƙo a zuci, ko ta kuɗin magani, ko ta dukkan haƙƙi? Kuma mai maganar yana da ikon yafe haƙƙin da ba nasa ba? Rubutun Facebook ba ya amsa waɗannan tambayoyi.

4.3 Neman taimako

Ya zama ruwan dare a ɗora hoton majinyaci da lambar asusun banki ana neman gudummawa. Mai rubutun galibi wani ne daban, kuma don ya motsa zukata yakan ƙara gishiri a girman raunin ko kuɗin da asibiti ya nema. Idan adadin ya saɓa da rasit, lauyan wanda ake ƙara zai yi amfani da shi ya nuna ƙarya. Amma maganar wani ce, ji-ta-ji-ta a ƙarƙashin sashe na 37 da na 38, sai fa idan an nuna mai ƙara ya sa a rubuta ko ya amince da ita. Game da kuɗin da aka tara, matsayin dokar Ingila da aka jaddada a shari'ar Parry da Cleaver shi ne ba a cire kyautar masu tausayi daga diyya, domin ba don su sauƙaƙa wa mai sakaci suka bayar ba. Hukuncin ba ya ɗaure kotunan Nijeriya, amma hujjarsa mai kyau ce.

5.0 Matsayin fiƙihun Malikiyya

Sashe na 256 ya cire kotunan yanki da Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a daga ɗaurin Dokar Shaida a shari'o'in da ba na laifi ba, kuma kotunan shari'ar Musulunci da suka gaji kotunan yanki a Kano daga 2000 suna bin ƙa'idojin fiƙihu. A nan lissafin daban yake. Cikakkiyar diyya raƙuma 100 ce ko dinari 1,000. Hannu ɗaya rabin diyya ne, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5, raunin kai da ya bayyana ƙashi shi ma 5, wanda ya kai ga ƙwaƙwalwa ko cikin ciki kuwa sulusin diyya. Inda aka ƙayyade arshi, wato diyyar rauni, hoton murmushi ba ya rage komai: yatsan da ya guntule ya guntule, ko mai shi ya yi rawa a biki. Ta wannan fuska tsarin ya fi kare majinyaci daga mummunar fassarar hoto.

Tasirin waya yana fitowa a wurare biyu. Na farko, Risalar Ibn Abi Zaid ta kafa cewa ba a yanke diyyar rauni sai ya warke, kuma ƙaramin raunin kuskure da ya warke ba tare da aibi ba babu komai a kansa. Saboda haka lokacin warkewa da yanayinta abin jayayya ne, kuma bidiyo na iya shiga a nan. Na biyu shi ne da'awar gushewar amfanin gaɓa, kamar ji ko shaƙa ko hankali. Mukhtasar na Khalil ya tanadi gwaji ga kowanne: a gwada ji da kira daga wurare daban-daban bayan an toshe lafiyayyen kunne, a gwada shaƙa da abu mai ƙarfin wari, a gwada hankali ta lura da mutum a lokutan da ya kaɗaita. Malaman sun san mai da'awa na iya ƙari, sun kuma yarda a duba shi a halin da bai shirya ba. Sai dai sharaɗin gwajin shi ne kaɗaici da rashin sanin ana kallo, kuma alƙali ne ke sa a yi shi bayan an yi da'awa. Shafin sada zumunta kishiyar kaɗaici ne, wuri ne da mutum ke shirya fuskarsa domin jama'a. Ƙiyasta shi a kan gwajin Khalil ƙiyasi ne mai rauni.

Mazaunin da ya dace da abin da aka wallafa a shafin shi ne na alamomin da ke kewaye da shari'a, waɗanda Ibn Farhun ya tattauna a Tabsiratul Hukkam: suna ƙarfafa zato, suna iya nuna wanda rantsuwa za ta hau kansa, ba sa maye gurbin shaidu adalai. Saƙon murya da mai shi ya amsa a gaban alƙali cewa nasa ne ya zama iƙirari. Idan ya musanta, akwai abin koyi a yadda Malikawa suka karɓi shaida a kan rubutun hannu a sha'anin dukiya, wato a samu adalan da suka san muryar. Game da yafiya, fiƙihu ya fi dokar Ingila bayani. Diyyar yaro dukiyarsa ce, waliyyi ba ya sarayar da ita sai da maslahar yaron, kuma wanda aka raunata bisa kuskure ya yafe sannan ya mutu, yafiyarsa tana zama kamar wasiyya a cikin sulusin dukiyarsa. Matakin i'izari, inda alƙali ke tambayar wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran magana, dama ce ta bayyana abin da aka nufa da saƙo.

6.0 Sirri da goge hujja

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin wasiƙu da maganganun waya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara ƙarfafa shi, dokar laifukan intanet ta 2015 kuma ta haramta kutse cikin na'urar wani. Duk da haka sashe na 14 da na 15 na Dokar Shaida sun bar ƙofa a buɗe: hujjar da aka samo ta hanyar da ba ta dace ba tana karɓuwa, sai idan kotu ta ga illar karɓarta ta rinjayi amfaninta. A ƙaramin gari ba a ma bukatar kutse, domin a zauren WhatsApp ɗaya ake samun dangin mai ƙara da na wanda ake ƙara.

Kotun ƙoli ta jihar New York ta shata iyaka mai amfani a shari'ar Forman da Henkin ta 2018. Matar da ta faɗo daga doki ta ce raunin ƙwaƙwalwa ya sa rubutu yana yi mata wuya. Kotu ta ce killace shafi ba ya hana a nemi abin da ke ciki, amma shigar da ƙara ba ya buɗe dukkan rayuwar mutum. Aka ba da hotunan bayan haɗari ban da na tsiraici ko soyayya, da bayanin lokutan da ta aika saƙonni da tsawonsu, ba tare da abin da saƙonnin suka ƙunsa ba. Irin wannan taƙaitawa ta fi zama wajibi a inda mai ƙara matar aure ce, wadda miƙa wayarta gaba ɗaya ga ma'aikatan kotu zai iya sa ta janye ƙarar da take da gaskiya a ciki. Hanin da Suratul Hujurat ta yi a kan bin diddigin asirin mutane ya isa madogara ga alƙalin kotun Musulunci ya taƙaita bincike ga abin da ya shafi da'awa.

Goge abin da aka wallafa bayan rigima ta taso ya fi barinsa haɗari. Sashe na 167(d) na Dokar Shaida ya ba kotu damar ɗaukar cewa hujjar da aka ɓoye da ta fito da ta cutar da mai ɓoyewar. A shari'ar Allied Concrete da Lester a jihar Virginia, wadda ta kai kotun ƙolin jihar a 2013, lauya ya sa wanda yake wakilta ya share hotuna 16 daga Facebook, aka ci lauyan tarar dala 542,000, shi kuma mai ƙarar dala 180,000. A Ingila sashe na 57 na wata dokar 2015 ya wajabta korar ƙarar rauni gaba ɗayanta idan an samu mai ƙara da rashin gaskiya a tushen da'awarsa, sai idan korar za ta haifar da babban zalunci. Amma a nan ma sai an bambance: wanda ya goge bidiyo don wayarsa ta cika, ko sitatus ɗinsa ya ɓace da kansa, bai ɓoye komai ba.

7.0 Fassara da jabun murya

Harshen Babbar Kotu Ingilishi ne. A shari'ar Ojengbede da Esan ta 2001 Kotun Ƙoli ta nuna cewa takardar da aka rubuta da wani harshe sai an fassara ta ta hanyar shaida, alƙali ba zai zama tafintan kansa ba ko da yana jin harshen. Mutanen Zoza da saƙon murya suka fi mu'amala, da Hausa, cike da karin magana da addu'a da habaici. Abin da zai shiga kundin shari'a shi ne abin da tafinta ya rubuta, kuma shi alƙalan ɗaukaka ƙara za su karanta, waɗanda wataƙila ba su taɓa zuwa dubiya a gidan Bahaushe ba. Lauyan mai ƙara yana da damar yi wa tafinta tambayoyi a kan fassararsa, yana kuma iya kiran masanin harshe a ƙarƙashin sashe na 68 ya bayyana yadda ake amfani da lafazin a al'ada.

Ƙirƙirarriyar basira ta ƙara wata matsala, domin yanzu ana iya kwaikwayon muryar mutum daga ɗan gajeren saƙonsa, ana kuma iya sauya hoto ba tare da alama ta fito ba. Sharuɗɗan sashe na 84 ba su hango wannan ba, tun da waya mai cikakkiyar lafiya tana adana jabu kamar yadda take adana sahihi. Idan aka yi zargin jabu a shari'ar da ba ta laifi ba, sashe na 135 ya bukaci a tabbatar da zargin ba tare da wata shakka mai ma'ana ba, saboda zargin aikata laifi ne. Hakan na nufin ɗaukar ƙwararren mai binciken na'ura daga Kano ko Kaduna ko Abuja, da biyan kuɗin zuwansa kotu, a kan manomin da ya riga ya sayar da amfanin gonarsa wajen jinya.